Yadda Zaka Haɗa Bidiyon Aiki Da Waya Ko Kwamfuta, Tun Daga Shiri Har Turawa

Tun da na fara tura wa abokan aikina gajerun bidiyo maimakon dogon saƙon da ba wanda yake karantawa har ƙarshe, kusan kullum sai an samu wanda zai tare ni da tambaya, wace manhaja kake amfani da ita, wace kyamara ka saya, ya kake yi muryarka take fita tar haka. Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Amma tun kafin mu yi nisa ka cire wani abu daga ranka, ba fim zaka haɗa ba. Saƙo ne zaka aika, irin wanda da can zaka tashi ka je teburin mutum ka ce "ɗan matso ka gani", kawai dai yanzu yana iya kallo a lokacin da ya samu sarari, ya kuma maimaita sau goma ba tare da ya dame ka ba.

1. Wannan maganar ta bidiyo ce kuwa?

Ba kowace magana ba ce take son bidiyo. Idan zaka ce an ɗaga mitin zuwa ƙarfe 3 ne, don Allah ka rubuta layi ɗaya ka huta. Inda bidiyo yake da amfani shi ne inda gani ya kori ji: nuna wa sabon ma'aikaci yadda ake shigar da rasit a manhajar ofis, nuna wa masu gyaran kwamfuta ainihin inda abu yake maƙalewa, bayanin rahoton wata mai cike da lambobi, miƙa aiki ga wanda zai riƙe maka kujera idan zaka tafi hutu, ko nuna wa injiniya ƙarar da wani inji yake yi wadda ko ka kwana kana rubutu ba zaka iya kwatanta ta ba. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne, duk bayanin da na yi wa mutum uku daban-daban da bakina, to na huɗun bidiyo zai samu.

Hattara: faɗa, gargaɗin ladabtarwa, maganar albashin wani ko korafi a kan oga, waɗannan ba a ɗaukarsu a bidiyo. Abin da ka tura ya fita daga hannunka, kuma fuskarka da muryarka suna ciki, babu zancen "ba ni na rubuta ba".

2. Rubuta ƙashin maganar

Bidiyo ɗaya, magana ɗaya. Idan kana da abu uku to bidiyo uku ne gajeru, saboda ran da mutum zai dawo neman abu na biyun ba zai zauna yana ja gaba yana ja baya cikin minti 15 ba, kiranka zai yi a waya, ka ga an koma gidan jiya.

Ɗauki takarda ka rubuta layi huɗu ko biyar kawai: wa zai kalla, me nake so ya iya ko ya yi bayan ya gama kallo, sai matakan a jere. Kar ka rubuta kowace kalma ka zo kana karantawa, ana ganewa nan take, ido yana zarya muryar kuma ta koma ta mai karanta sanarwa. Jimlar farko da ta ƙarshe ne kawai nake ba da shawarar ka haddace. Ta farko ta faɗi abin da bidiyon ya ƙunsa cikin daƙiƙa 10, misali "Salamu alaikum, a nan zan nuna muku yadda ake neman hutu a sabon tsarin, minti biyu ne." Ta ƙarshe kuma ta faɗi abin da kake jira: "Duk wanda bai cike nasa ba ya cike kafin Alhamis."

Tsawo fa? Mutum yana furta kalma wajen 130 zuwa 150 a minti ɗaya idan yana magana a natse, wato bayanin da zai cika shafi ɗaya na takarda ya kai minti 3. Ni dai minti 2 zuwa 4 nake nema, idan na ga na haura 5 sai in tsaya in duba ko magana biyu na cusa a wuri ɗaya, kuma galibi haka ne.

3. Kayan aiki da abin da zasu ci maka

Ga gaskiyar da masu tallan kaya ba zasu faɗa maka ba, bidiyonka goma na farko bai kamata su ci maka ko sisi ba. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar 1080p, wato hoto mai tsabta da ya isa wannan aiki, iyafis mai waya da ya zo da makirufo a jiki ya isa, taga ta ba ka haske, littattafai huɗu ko biyar da ka jera a tebur su zama abin jingina waya.

Idan abin ya zauna maka har kana yi duk sati, to ga jerin da zaka bi wajen kashe kuɗi, kuma kar ka juya shi. Na farko ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, mai waya ya fi mara waya araha nesa ba kusa ba kuma ba ruwansa da caji. Na biyu ƙafar ɗora waya mai ƙafa uku. Na uku fitila, ita ma sai idan ɗakin da kake aiki ba taga. Kyamara ita ce ta ƙarshe, kuma yawancin mutane har su yi ritaya ba zasu buƙace ta ba. Na sha ganin wanda ya sayi kyamara mai tsada yana magana daga nesa da ita, hoto kamar a talabijin, murya kamar daga cikin rijiya.

Kafin ka sayi makirufo duba bakin wayarka, USB-C ne ko Lightning ko tana da ramin iyafis. Kayan da yawa suna kwance a durowa saboda wannan ɗan kuskuren.

4. Sauti, a nan ake cin wasan ko a faɗi

Mutane zasu yi haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma murya mai amsa-kuwwa ko wadda ƙarar fanka ta danne, daƙiƙa 20 sun rufe. Don haka nan zan ɗan daɗe.

Doka ta farko ita ce kusanci. Makirufo mai araha da ke kusa da bakinka ya fi mai tsada da ke can ƙarshen tebur. Na wuyan riga ka maƙala shi kamar tazarar tafin hannu ɗaya ƙasa da haɓa, ka tabbata mayafi ko abin wuya ko igiyar katin shaidar aiki ba sa gogarsa, don wannan ƙas-ƙas ɗin ba ya fita da editin. Idan iyafis ne kar ka riƙe makirufon da hannu kana kai shi leɓe, duk "p" da "f" da "b" sai sun fashe a kunnen mai sauraro, bar shi ya rataya.

Sai ɗaki. Babban ɗakin mitin mai tayil da gilashi da dogon tebur, wanda kowa yake ganin shi ne ya fi kyau a hoto, shi ne mafi muni a sauti, saboda murya tana dukan bango tana dawowa. Ƙaramin ofis mai labule da kafet da kujerun yadi ya fi shi sau goma. Gwaji mai sauƙi: tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya, idan ka ji tafin ya yi jela to canza ɗaki. Cikin mota a tsaye da gilasai a rufe ma wuri ne mai kyau idan murya kawai kake so.

Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki na ɗan lokacin. Kunnenka ya saba da ƙararsu har ba ka ji, makirufo kuwa bai saba ba. Ka liƙa takarda a ƙofa cewa ana ɗaukar bidiyo, in ba haka ba daidai lokacin da magana ta fara daɗi wani zai leƙo neman abin huda takarda.

5. Haske da zaman kyamara

Ka fuskanci taga, kar ka ba ta baya. Idan taga tana bayanka kyamara zata daidaita kanta da hasken waje, kai kuma ka koma inuwa baƙi ƙirin kamar wanda ake ɓoye wa fuska a labarai. Fitilar sama kaɗai ma tana sa rami a ƙarƙashin ido.

Kyamara ta zo daidai idonka. Laptop a kan tebur tana kallonka ne daga ƙasa, abin da ake gani hanci da silin, sa littattafai a ƙarƙashinta. Goge gilashin kyamarar da gefen riga, wannan kaɗai yana gyara rabin bidiyoyin da suke fitowa da hazo. Sannan kalli ramin kyamarar lokacin magana, ba fuskarka da ke sikirin ba, da wuya a farko amma shi ne yake sa mai kallo ya ji da shi kake.

A kwance ko a tsaye? Idan a kwamfuta ko allon ɗakin mitin za a kalla, kwantar da wayar. Idan ma'aikatan da ke fili ne zasu kalla a waya, tsaye ya yi. Zaɓi ɗaya tun farko, kar ka juya wayar ana cikin ɗauka. A saitin kyamara ka bar shi 1080p da 30fps (hoto 30 a daƙiƙa ɗaya), 4K da ya fi shi girman hoto ba abin da zai ƙara maka sai nauyi. A iPhone minti ɗaya na 1080p 30fps wajen 60MB ne, na 4K 60fps kuwa wajen 400MB, ka ga bambancin. Idan hasken yana ta canzawa da kansa, danna fuskarka a sikirin ka riƙe na ɗan lokaci har ya kulle.

Hattara: juya ka kalli abin da ke bayanka. Farin allo mai lambobin cinikin kamfani, takardar da aka rubuta kalmar sirrin intanet aka manna a bango, ko abokin aikin da bai san yana cikin hoto ba. Duk wanda zai fito, ko da wucewa ne, ka nemi izininsa.

6. Idan sikirin zaka ɗauka

Gaskiya kaso mafi yawa na bidiyon ofis wannan ne, fuskarka ma ba dole ba ce. Kuma kayan suna cikin na'urarka tuni.

A Windows 11 danna Windows da Shift da R tare, Snipping Tool zai buɗe ka ja akwati a kan inda kake so, ka tabbata alamar makirufo tana kunne. A Windows 10 akwai Windows da Alt da R, amma shi wannan taga ɗaya yake ɗauka, ba ya ɗaukar fuskar kwamfutar kanta ko File Explorer, mutane da yawa suna zaton ya lalace ne alhali haka yake. A Mac, Shift da Command da 5, sai ka shiga Options ka zaɓi makirufo da hannunka don ba ya zuwa a kunne. A iPhone maɓallin yana Control Center, danna shi ka riƙe zaka ga inda ake kunna makirufo. Android daga 11 zuwa sama ja sikirin daga sama zaka ga Screen record.

Masu bayani da PowerPoint, akwai Record a cikinsa, kana magana kana wuce shafuka, in ka yi kuskure a shafi na 6 shi kaɗai zaka sake, daga nan File, Export, Create a Video. Loom, wata manhajar ɗaukar sikirin, yana haɗa fuskarka a ɗan da'ira da sikirin ya ba ka linki nan take, amma na kyauta yana tsayar da kai a minti 5, wanda ni a wurina ma taimako ne. OBS Studio, shi ma manhajar ɗaukar sikirin, kyauta ne gaba ɗaya kuma ba iyaka, sai dai maɓallansa suna da yawa, kar ka fara da shi. In ya fitar maka da fayil mai MKV a ƙarshe, shiga File, Remux Recordings ka mayar da shi MP4.

Yanzu shara. Kunna Do Not Disturb don kar saƙonni su faɗo a sikirin, rufe imel da WhatsApp na kwamfuta, rufe duk shafukan burauza da ba su da alaƙa da aikin, a Chrome Ctrl da Shift da B yana ɓoye layin shafukan da ka adana. Wannan ba labari aka ba ni ba, na taɓa ɗaukar bayani mai kyau na minti huɗu, na tura wa mutum tara, ashe a tsakiya saƙo ya faɗo a kusurwar sikirin daga wani abokin aiki yana gulmar wanda yake cikin mutum taran. Daƙiƙa uku kawai ya yi a wurin, amma an tsayar an karanta. Sati guda ana gaisawa sama-sama a ofishin.

Hattara: kar ka nuna bayanan kwastoma na gaske, suna, lambar waya, lambar asusu. Ƙirƙiri na bogi don nuni. Kuma kafin ka ɗora wata manhaja a kwamfutar aiki ko ka loda abin kamfani a shafin waje, tambayi masu kula da kwamfutocin wurinku, wasu wuraren laifi ne babba.

Ƙara girman rubutu da Ctrl da alamar tarawa zuwa 125 ko 150, saboda wani a waya zai kalla. Maus kuma ka bar shi ya huta, kai shi inda kake magana a kai ka tsaya, banda zagaye-zagaye.

7. Gwajin daƙiƙa 10, sannan ɗauka

Ɗauki daƙiƙa 10, tsaya, sa iyafis ka saurara. Kullum, ko ka yi sau ɗari. Ranar da ka tsallake wannan ita ce ranar da zaka yi bayani mafi kyau a rayuwarka makirufo yana kashe, aikin baban giwa. Duba caji da sauran waje a waya, ka sa ta a yanayin jirgi don kira yana iya katse ɗauka.

Danna, ƙirga biyu a zuci, fara. Idan harshe ya sarƙe kar ka kashe ka koma farko, nan ne mutane suke ɓata awa guda a kan bidiyon minti biyu. Yi shiru, tafa hannu sau ɗaya, maimaita jimlar daga farkonta ka ci gaba. Tafin zai fito kamar tsini a layin sauti lokacin editin, ka ga ba sai ka yi ta lalube ba. Ƙananan "eh" da "to" ka bar su, haka mutane suke magana. Na sa wa kaina doka, sau uku ne iyaka, na ukun ko ya yi ko bai yi ba shi zai tafi. Muryarka kuma zata yi maka wani iri idan ka ji ta, kowa haka yake ji, abokan aikinka ita suke ji kullum ba su mutu ba.

Faɗi abin da hannunka yake yi da sunansa. "Danna nan sai nan" ba bayani ba ne, ka ce "danna koren maɓallin da ke sama ta dama". In ka gama ƙirga biyu kafin ka kashe.

8. Yanka

Yanke kai, yanke jela, cire wuraren tafi, shi ke nan. Manhajar hotuna ta wayarka tana yanke farko da ƙarshe. Cire tsakiya kuma Clipchamp yana zuwa da Windows 11, iMovie a kayan Apple, CapCut a waya, duk suna da na kyauta. CapCut yana liƙa ɗan tambarinsa a ƙarshe, danna shi ka goge kafin ka fitar.

Kiɗa ka bar shi. Yana danne murya, kuma waƙar mutane tana da masu ita, in ka loda a YouTube na'urarsu zata gano. Rubutun ƙasan bidiyo kuwa yana da amfani sosai don da yawa a ofis ba sauti suke kallo, akwai kuma masu matsalar ji, amma in manhaja ce ta rubuta maka sai ka bi layi-layi, sunaye da lambobi ne take fi kwafsawa, 15 ta koma 50 ba ƙaramar magana ba ce a rahoton kuɗi.

9. Rage nauyi

Fitar da shi a MP4, shi ne yake buɗewa a ko'ina. Masu iPhone in abokan aiki suna cewa bidiyonka ba ya buɗuwa a kwamfutarsu, shiga Settings, Camera, Formats ka zaɓi Most Compatible. In fayil ya yi nauyi, HandBrake, manhajar rage nauyin bidiyo, kyauta ne, jefa shi ciki ka zaɓi Fast 1080p30, ko Fast 720p30 in fuska ce kawai ba ƙananan rubutu. Ka tuna wani da datarsa zai sauke.

10. Turawa

Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB a maƙale, don haka linki ne hanya. Loda a inda wurin aikinku ya amince, Google Drive ko OneDrive ko Teams. A WhatsApp in ka tura shi a matsayin bidiyo za a matse shi har rubutun sikirin ya daina karantuwa, tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har 2GB ba tare da ya taɓa shi ba.

Hattara da izinin kallo, ta nan ake yin kuskure iri biyu. Ko ka bar shi a Restricted mutane su yi ta turo maka neman izini kana cikin mitin, ko ka buɗe shi Anyone with the link abin cikin gida ya zama na duk wanda linkin ya faɗa hannunsa. Unlisted na YouTube ma haka yake, ba a ganinsa a bincike amma duk mai linki zai kalla, ba sirri ba ne. Bayan ka saita, tura wa mutum ɗaya ya gwada buɗewa kafin ka watsa wa kowa.

Kuma kar ka jefa linki tsirara. Rubuta layi biyu a samansa: abin da ke ciki, tsawonsa, da abin da kake so a yi zuwa yaushe. Duk wata lamba, ranar ƙarshe ko adireshin shafi da ka ambata a bidiyon ka sake rubuta su a saƙon, don ba a kwafar rubutu daga bidiyo, ba a kuma samunsa in an bincika.

11. Suna da ajiya

VID_0047 ba suna ba ne. Sa kwanan wata a gaba, shekara, wata, rana, sai batun, kamar 2025-03-14 neman hutu, haka zasu jeru da kansu a folda. Folda ɗaya ta kowa da kowa, ba cikin wayarka ba, don ran da ka canza aiki ko wayar ta faɗa ruwa kar komai ya tafi da ita. Duk wata uku ka leƙa, wanda tsarin da yake nunawa ya canza ka goge shi ko ka sake ɗauka, in ba haka ba sabon ma'aikaci zai zauna yana neman koren maɓallin da aka cire tun bara.